ALLOLIN INDIYA A TAFIN HANNUN YARAN SABO

Daga Wakilinmu a Badun

Duk wanda ya san unguwar Sabo ta Badun a shekarun 1970 da 1980 ba sai an gaya masa irin son da mutanenta ke yi wa finafinan Indiya ba. A wancan lokaci gidan silima na Scala a nan Sabo yake, samari kuwa kan cika shi maƙil da dare, su fito suna rera waƙoƙin da ba su san ma'anar ko kalma ɗaya daga cikinsu ba. Wannan so daga Arewa ya biyo fatake, domin tun a shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya, jama'a kuwa suka karɓe su hannu bibbiyu. Har yau akwai dattawan da za su iya ba ka labarin Mother India, wanda aka yi a 1957, daga farkonsa har ƙarshensa ba tare da tuntuɓe ba.

Amma fa wancan kallo na manya ne. Sai da dare ake yinsa, sai kuma mai kuɗin shiga, yaron da aka kama a ƙofar silima kuwa ya san abin da zai tarar a gida. Yau Indiya ta sake shigowa ta wata ƙofa wadda ba ta da mai gadi. Hotunan zane masu motsi, waɗanda yara ke kira katun, suna zuwa ta tashoshin tauraron ɗan adam da kuma wayar hannu, kuma ƙananan yara ne aka yi su dominsu. Uwa na girki, ta miƙa wa ɗanta waya don ya bar ta ta sarara, yaro ya shiga YouTube, sai ga wani shuɗin yaro da sarewa a hannu, ko wani mai kan giwa yana hawan ɓera. Iyaye da yawa sun ɗauka irin su Tom and Jerry ne kurum. Ya kamata mai karatu ya san ko su wane ne waɗannan, da abin da suke koya wa 'ya'yansa.

ASALIN ABIN

Indiyawa da addini suka buɗe sana'ar fim. Dogon fim na farko da suka yi, a 1913, shi ne Raja Harishchandra na Dadasaheb Phalke, labarin wani sarki ne daga littattafan addinin Hindu wanda ya rasa gadon sarauta, ya sayar da matarsa da ɗansa da kansa ma, don kada a ce ya saɓa alkawari. Tun daga ranar ba a daina komawa wannan rijiya ana ɗiba ba.

Abin da ya shafi yara kuwa ya samo tushe a 1967. A shekarar nan wani mutum mai suna Anant Pai ya ga ana gasar kacici-kacici a talabijin, yaran makaranta suna amsa tambayoyi a kan allolin Girkawa daidai, amma da aka tambaye su sunan mahaifiyar Rama sai suka yi shiru. Abin ya yi masa ciwo. Sai ya kafa jerin ƙananan littattafai masu zane, Amar Chitra Katha, domin ya mayar wa yaran Indiya labaran addininsu da tarihinsu. A lura da wannan da kyau, domin shi ne mabuɗin maganar: da gangan aka ƙirƙiro abin, don a koyar da yaron Hindu addinin iyayensa ta hanyar da ba zai gaji ba.

Daga takarda sai aka koma allon talabijin. A 1987 gidan talabijin na gwamnatin Indiya, Doordarshan, ya fara nuna Ramayan na Ramanand Sagar kowace Lahadi da safe, har tituna kan yi tsit a lokacin, wasu ma suna rataya wa akwatin talabijin furanni suna kunna masa turare. A 1992 aka gama Ramayana na zane, aikin haɗin gwiwa tsakanin Yugo Sako, mutumin Japan, da Ram Mohan na Indiya. Bai samu kasuwa a lokacin ba, domin ya zo daidai da rikicin masallacin Babri na Ayodhya, wanda masu tsananin ra'ayin Hindu suka rushe ran 6 ga Disamba 1992 bisa da'awar a wurin aka haifi Rama. Wanda ya buɗe kasuwar sosai shi ne Hanuman na 2005. Da 'yan kasuwa suka ga ya kawo kuɗi sai aka yi ta zubo su: Bal Ganesh da My Friend Ganesha a 2007, Chhota Bheem a 2008, Little Krishna a 2009.

Chhota Bheem ne ya fi kowa tafiya nesa. Kamfanin Green Gold na Rajiv Chilaka a birnin Hyderabad ne ya ƙirƙiro shi: wani yaro ƙaƙƙarfa a garin Dholakpur, wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa in ya ci laddu, wani ɗan dunƙulen kayan zaƙi mai kama da nakiya. Shi ba abin bauta ba ne, amma sunansa da ƙarfinsa daga Bhima aka aro su, ɗaya daga cikin jarumai biyar na littafin Mahabharata, kuma akwai finafinai da dama da Krishna ke zuwa ya taimake shi. A 2019 Netflix ta fitar da shi yana jariri, da sunan Mighty Little Bheem, aka cire magana ɗungurungum. Ke nan ba sauran shingen harshe. Ɗan Sabo mai shekara biyu da ɗan Bombai duk abu ɗaya suke fahimta, har da shirye-shirye na musamman a kan bukukuwan Diwali da Holi.

ABIN DA SUKE KOYARWA

In za a yi adalci, darussan da ke cikin labaran nan ba baƙi ba ne ga Bahaushe. Wasu ma sai ka rantse a zauren gidanku aka tsara su.

Ɗauki Ganesha, mai kan giwa. An kawo wa iyayensa, Shiva da Parvati, wani ɗan itace guda ɗaya tak, ga shi 'ya'yansu biyu. Sai aka ce wanda ya riga zagaya duniya sau uku shi zai ci. Ɗan'uwansa Kartikeya ya haye dawisunsa ya yi sama. Ganesha ya dubi tumbinsa, ya dubi ɓeran da yake hawa, ya san ba inda za shi. Sai ya tashi ya kewaya uwarsa da ubansa sau uku, ya ce su ne duniyarsa. Aka ba shi ɗan itacen. Wace uwa ce a Sabo ba za ta so ɗanta ya ji wannan ba?

Labarin Rama kuwa labarin kishiya ne tsantsa. Sarki Dasharatha na Ayodhya yana da mata uku. Ana gobe za a naɗa Rama, babban ɗansa, sai wata baiwa ta zuga Kaikeyi, mowar sarki, ta tuna masa da alkawari biyu da ya taɓa yi mata. Ta ce a naɗa ɗanta Bharata, a kori Rama daji shekara 14. Rama bai yi gardama ba, ya tuɓe kayan sarauta ya fita don kada bakin ubansa ya zama biyu, matarsa Sita da ƙanensa Lakshmana suka bi shi. Abin da ya fi ratsa zuciya shi ne na Bharata, wanda aka yi makircin dominsa. Ya ƙi hawa gadon, ya je ya karɓo takalman wansa ya ɗora a kai, ya zauna yana riƙon ƙwarya har shekarun suka cika. A ƙasar da 'yan uba ke kai juna kotu a kan kango ɗaya, wannan darasi ne mai tsada.

Hanuman, mai siffar biri, shi ne ya fi burge yara. Yana ƙarami ya ga rana ta fito jawur, ya ɗauka nunannen ɗan itace ne, ya yi tsalle zai cafko ta. Saboda ƙiriniyarsa aka sa masa mantuwa, ba ya tuna ƙarfinsa sai wani ya tuna masa a lokacin da ake bukata. Da ya girma ya zama bawan Rama mai amana. Shi ya tsallake teku zuwa Lanka neman Sita bayan Ravana mai kai goma ya sace ta, kuma da aka aike shi ɗebo wani ganyen magani a kan dutse ya kasa gane shi, sai ya tumɓuko dutsen gaba ɗaya ya kawo. Ƙarfi ba tare da girman kai ba, da cika aike, su ne abin da ake son yaro ya ɗauka.

Shi kuwa shuɗin yaron nan mai sarewa, Krishna ke nan. A cikin makiyaya ya tashi, yana satar man shanu daga tukwanen mata, suna kai ƙara wurin Yashoda mai riƙonsa. An ɓoye shi a can ne domin kawunsa, Sarki Kamsa, ya ji cewa ɗa na takwas na 'yar'uwarsa Devaki shi zai kashe shi, saboda haka ya riƙa kashe jariranta ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ke zuwa Islamiyya ba zai rasa tuna Fir'auna ba. Akwai kuma wani abin ban dariya a nan: unguwar da arzikinta ya tashi a kan fataucin shanu zuwa mayankar Badun, ita ce yau 'ya'yanta ke kallon labarin mutanen da saniya ke da alfarmar uwa a wurinsu.

A NAN GIZO KE SAƘAR

Tatsuniyar Hausa tana da wata ɗabi'a da ba a cika lura da ita ba. In kaka ta gama ba da labarin Gizo da Ƙoƙi ko na Dodo, takan rufe da ƙurunƙus, ta jingina ƙaryar ga Gizo. Watau ita da kanta ta shaida wa yara cewa abin da suka ji ba gaskiya ba ne, su ɗauki darasin su bar sauran. 

Labaran Rama da Krishna da Ganesha ba su da ƙurunƙus. A wurin masu su, waɗanda suka haura mutum miliyan dubu a duniya, waɗannan ababen bauta ne, da ɗakunan ibada da bukukuwa da azumi. Little Krishna ma da haɗin gwiwar wata cibiya ta mabiya Krishna da ke Bangalore aka yi shi. Kuma darasin a ɗaure yake da bautar. A cikin My Friend Ganesha, yaro ne mai kaɗaici wanda iyayensa ba su da lokacinsa, sai aka kawo gunkin Ganesha gida lokacin biki, Ganesha ya fito ya zama abokinsa, yana warware masa matsaloli. Abin da fim ɗin ke faɗa a fili shi ne: in ka shiga damuwa, ga wanda za ka kira. Yaron da bai kai shekara biyar ba, wanda bai gama haddace Ƙulhuwallahu ba, ba shi da ma'aunin da zai raba kyakkyawan hali da wanda aka ce shi ne tushen halin.

Labarin Prahlada ya fi kowanne nuna yadda abin ke da sarƙaƙiya. Ubansa, Sarki Hiranyakashipu, ya ce kowa shi zai bauta wa. Yaron ya ƙi, ya ce shi Vishnu yake bauta wa. Aka ba shi guba, aka jefo shi daga kan dutse, aka shiga da shi wuta, duk bai mutu ba. Musulmi na jin wannan zai tuna Annabi Ibrahim da Namarudu, alhali kuwa inda labaran biyu suka dosa ya bambanta kamar gabas da yamma, domin a ƙarshe Vishnu ne ya fasa ginshiƙin fada ya fito da siffar rabi mutum rabi zaki ya yayyaga sarkin. Kamar da ke tsakanin labaran ita ce ke sa babba ya ji daɗi, ita ce kuma ke rikita yaro.

Ba kuma kowane darasi ne ya cancanci yabo ba, ko a wurin Indiyawan kansu. Akwai Ekalavya, ɗan mafarauta, wanda malam Drona ya ƙi koya wa harbin baka saboda asalinsa. Ya koma daji ya koya wa kansa har ya fi Arjuna, ɗan sarki, ɗalibin malamin. Da Drona ya gani sai ya nemi ladan karatun da bai koyar ba: babban yatsan hannun dama na yaron. Ya yanke ya ba shi. Ana ba da wannan a matsayin misalin biyayya ga malami, amma mutanen ƙasƙantattun dangi a Indiya zalunci suke kiransa, kuma gaskiyarsu. Haka nan an daɗe ana sukar masu zanen a kan yadda sukan ba jarumi farar fata ko shuɗiya, su bar baƙa ga dodanni da mugaye. Ko a Chhota Bheem, mai cin zalin yara sunansa Kalia, daga kalmar da ke nufin baƙi. Wannan bai kamata ya wuce mu ba, mu da 'ya'yanmu mata ke fama da man shafe-shafe.

MUN TAƁA CIN TUWON NAN

Wanda zai ce a toshe ƙofa gaba ɗaya, ya sani hikimar Indiya ta daɗe da shiga gidajenmu, ta hannun malamai ma kuwa. Littafin Kalila wa Dimna, wanda ke cikin kundin malaman zaure da yawa, asalinsa Panchatantra ne, labaran dabbobi da aka ce wani malamin Hindu, Vishnu Sharma, ya tsara don ya wayar da wasu 'ya'yan sarki uku daƙiƙai. A ƙarni na 6 likita Burzoe ya juya shi zuwa Farisanci a zamanin Kisra Anushirwan, sannan wajen shekara ta 750 Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci. Diloli biyun nan da zaki da sa duk 'yan Indiya ne, sun dai yi wanka a hanya.

Na kusa ma, Magana Jari Ce, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta a Zariya aka fara bugawa a 1937. Akun nan da ke riƙe Musa ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, masana sun nuna cewa kakansa yana cikin wani tsohon littafin Indiya, Shukasaptati, inda aku ke ba matar wani falke labarai saba'in don ya hana ta fita wurin kwarto. Imam ya ɗauki dabarar, ya zubar da abin da bai dace ba, ya sa wa kowa rawani da suna irin namu, har yau yaro na karanta shi bai san akwai ƙamshin Indiya a ciki ba. Masu bandiri na Kano, irin su Ushaƙu Indiya, haka suka yi da waƙoƙin fim: suka riƙe karin, suka sa begen Annabi a gurbin kalmomin soyayya.

Bambancin jiya da yau shi ne a da akwai mai tacewa a tsakani. Kafin labari ya taso daga bakin kogin Ganga ya iso kunnen yaro a ƙasar Hausa sai ya shekara dubu, ya bi ta hannun Bafarishe da Balarabe da malamin Zariya. Yanzu cikin ƙiftawar ido yake isowa, da gumakansa da turarensa.

Matsayin Sabo a nan ya fi na Kano wuya. Tun da aka kafa unguwar a 1916, da abu biyu ta riƙe kanta a tsakiyar Yarbawa: harshe da addini. Wani masani, Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960 ya buga littafinsa a 1969, ya bayyana yadda masu gidajen baƙi na goro da shanu suka tsare sana'arsu ta hanyar tsare Hausancinsu, da yadda unguwar ta rungumi ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 har ta ware masallacin Juma'arta. Mutanen Sabo sun saba zama kusa da addinin da ba nasu ba. Sun san Sango da Ogun, sun san lokacin bikin Oke'badan, sun san ranar da dodon Oloolu ke fitowa mata su kulle ƙofa. Yaron Sabo ya tashi ya san wannan na maƙwabta ne, ya girmama su, ya wuce. Abin da ya sa bai ruɗe ba shi ne an gaya masa sunan abin. Krishna da Ganesha kuwa ba wanda ya gabatar da su, domin iyayen kansu ba su san su ba.

Ga shi kuma yaran sun fi jin Yarbanci da Turanci a waje, kakannin da za su yi musu tatsuniya da yawa suna Arewa, sai an je ganin gida. Gurbin da kaka ta bari shi katun ya cike.

A ganin wakilinmu, ƙwace wayar ba zai yi magani ba, don gidan maƙwabta ma akwai. Uba ya zauna ya kalli kashi ɗaya tare da ɗansa, ya ce masa wannan mai kan giwar abin bautar wasu mutane ne a Indiya, mu ba ma bauta masa, amma dubi yadda ya girmama iyayensa. Malamin Islamiyya kuwa yana da abin da ya fi wannan a hannunsa, domin wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa da hana shirka ta fara, sannan kyautata wa iyaye ya biyo, a wuri ɗaya.

Sauran aiki na masu hannu da shuni ne. Ba a rasa gwanaye ba. Mustafa Alhassan na Nijar, wanda ya zauna a Tawa ya rasu a 2015, tun a 1966 ya yi Bon Voyage Sim, fim ɗin zane na kwaɗi masu shugaban ƙasa, a lokacin da Indiya kanta ba ta yi nisa a sana'ar ba. Adamu Waziri a Abuja ya fito da Bino and Fino a wajen 2010, har an juya shi zuwa Hausa. Malesiya, ƙasar Musulmi, ta yi Upin da Ipin a 2007 don koya wa yara azumin Ramadan, ya kuma karɓu har a ƙasashen maƙwabta. A nan Badun aka buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan, WNTV, a 1959. Amma har yanzu Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami ba su samu attajirin da zai yi musu abin da Anant Pai ya yi wa Rama ba, ko a cikin 'yan canjin Sabo, ko a Kantin Kwari.

Su kuwa Indiyawa ba su tsaya ba. A watan Janairu na 2025 aka sake fito da Ramayana na 1992 a gidajen silima bayan an gyara hotonsa. A watan Yuli na shekarar kuma aka saki Mahavatar Narsimha, labarin Prahlada da mai kan zakin nan, ya tara kuɗin da wani fim ɗin zane na Indiya bai taɓa tarawa ba kafinsa. Masu shi sun ba da sanarwar cewa shi ne na farko cikin finafinai 7 a kan siffofin Vishnu, za a riƙa sakinsu bayan kowace shekara biyu har zuwa 2037. Yaron da aka raɗa wa suna a Sabo a 2025 zai cika shekara 12 a shekarar da aka tsara na ƙarshe zai fito.